Satar Kallon Rauda

Duk wanda ya san Malama Kubura ya fara sanin muryarta kafin fuskarta. Ita ce jami'ar lafiya a ɗan asibitin wani ƙauye da ke kusa da garin Babban Mutum, kuma ranar awon jarirai tun daga bakin masallaci ake jiyo ta tana yi wa mata faɗa. Hannunta da sauƙi, allurarta ba ta kumburi, amma bakin nan ba ya hutawa. Mace za ta fara cewa, "Malama, kaina ne yake..." kafin ta ƙarasa Kubura ta gano ciwon, ta ƙulla magani a leda, ta yi mata wa'azi kan gidan sauro, ta kira ta gaba.

Da aka tura ta bita Daura kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ta dawo tana mita. Wai an tara manyan mata masu 'ya'ya, an ba su shinkafa da lemo, don kawai a koya musu yin shiru. Likitan da ya jagoranci bitar ya ce musu su yi tambaya ɗaya, sannan su kama bakinsu har mara lafiya ya gama, ko da shirun ya yi musu nauyi. Kubura ta ce ita dai ba ta ga ciwon da shiru ya taɓa warkarwa ba. Ta ajiye maganar can gefe ta ci gaba da aikinta yadda ta saba.

Ana tsakiyar damina, gero ya fara rufe hanyoyin gona, Iya Talatu ta shigo asibitin rungume da jikanta Jafaru. A bayanta 'yarta Rauda ce ke tafe, ta ja mayafi har goshi. Haihuwar fari ce, shi ya sa Rauda ta dawo gidan iyayenta wankan jego, kuma arba'in ɗinta ta kusa.

Kubura ta san Rauda sarai. Tela ce, ita ke yi wa rabin matan ƙauyen ɗinkin sallah, kuma lokacin da take zuwa awon ciki ita kaɗai ke iya mayar wa Kubura magana. Ta taɓa ce mata, a gaban kowa, wanda ya ɗinka mata farar rigar aikin nan bai ji tsoron Allah ba. Mata suka yi ta dariya, Kubura ma sai da ta dara. Yau ga Raudar nan a ƙarshen benci, hannuwa a cinya, ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

Aka ɗora Jafaru a sikeli. Kubura ta duba, ta sauke shi, ta sake ɗorawa. Yaron da ya kamata ya yi ɓulɓul ya koma ƙasa da yadda aka haife shi, wuyansa duk fata.

"Ke Rauda! Me kike ba yaron nan? Iska?" Kubura ta ɗaga murya. "Dube shi fa. Ko so kike ya mutu a hannunki?"

Rauda ba ta ɗago ba. Iya Talatu ce ta amsa, har da ɗan murmushin alfahari.

"Malama, yi haƙuri. Kunya ce. Ɗan fari ne ai. Sai na matsa mata take ba shi nono, shi ma sai ta juya fuska bango. Ni ban taɓa ganin mai kunya irin yarinyar nan ba."

Matan da ke kan benci suka ɗauka. Wata ta ce haka ake so, 'yan matan yanzu har hoto suke ɗauka da ɗan fari a waya suna sumbatarsa. Wata ta ce Iya ta iya tarbiyya. A ƙasar nan uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kuma wadda ta fi ɗaure fuska ita ake yabo.

Kubura ta ja tsaki ta ɗauko allurar riga-kafi. Tana soka masa a cinya Jafaru ya callara ƙara, siririya, irin ta yaron da ba shi da ƙarfi. A nan ne idon Kubura ya sauka kan uwar, kuma abin da ta gani ya tsorata ta. Shekara da shekaru tana yi wa 'ya'yan fari allura, ta san yadda masu kunya suke. Komai ɗaure fuskar uwa, da zarar ɗanta ya yi kuka sai kafaɗarta ta motsa, sai ta saci kallonsa ta gefen mayafi, ta yi sauri ta kawar da kai kafin a kama ta. Kubura ta sha tsokanar su a kan haka. Rauda kuwa ko ƙifta ido ba ta yi ba. Tana kallon ƙasa kamar kukan daga wani gari yake zuwa.

Suka tafi, aka ci gaba da awo, amma hankalin Kubura ya bi su. Maganar da ta yaɓa wa yarinyar ta tsaya mata a rai. Ta ji haushin kanta ƙwarai, ta kuma ji tsoro, don ta san idan aka ci gaba a haka yaron nan ba zai ga kaka ba.

Da la'asar ta rufe asibiti ta nufi gidan Iya Talatu. Ta tarar da tsohuwar a tsakar gida tana hura wuta ƙarƙashin tukunyar ruwan wanka, ga ganyen darbejiya a jiƙe, ga rijiya a buɗe a gefen rumbu. Suka gaisa, Kubura ta ce ta zo duba mai jego ne, ta shige ɗaki.

Rauda na zaune a bakin gado. Kwanon kunun kanwa na gabanta, ya huce har ya yi fata a sama. Jafaru na kwance can ƙarshen katifa. Kubura ba ta tsaya a kanta ba yadda ta saba tsayawa a kan marasa lafiya. Ta jawo tabarma ta zauna a ƙasa, ta cire takalmi.

"Ƙanwata, na yi miki faɗa ɗazu a gaban mutane, ban kyauta ba. Yanzu ba don yaron na zo ba, don ke na zo. Yaya kike ji a ranki?"

Shiru. Kubura ta ji kalmomi sun taru a bakinta, cike da nasiha da misalai da labarin wata mata a Baure. Ta danne su. Ta ji kaza na tono a waje, ta ji Iya na fasa itace. Ƙafarta ta fara sanyi. A ranta ta ce lallai likitan Daura mugu ne, wannan ai azaba ce. Ta cije ta ci gaba da zama.

Can Rauda ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba na jin komai."

Kubura ta gyaɗa kai kawai.

"Kowa cewa yake kunya ce. Ni ma na so a ce ita ce. Malama, idan na dube shi kamar ɗan maƙwabta. Yana kuka, ina ji, amma jikina ba ya tashi. Barci ba ya zuwa, abinci kamar ƙasa. Wace irin uwa ce wannan? Ina ganin Allah ya ba shi uwar da ba ta dace da shi ba."

Hawaye ya fara zubo mata, ba ta share ba. Kubura ta matsa ta riƙe hannunta. Akwai tambayar da aka koya musu a bita, wadda ta rantse ba za ta iya yi wa 'yar Musulmi ba. Yanzu ta ga babu makawa.

"Zan tambaye ki wani abu, kuma duk amsar da kika ba ni ba zan zarge ki ba. Kin taɓa jin gara ki bar duniya? Kin taɓa tunanin yi wa kanki wani abu?"

Rauda ta ɗago ta dube ta, karo na farko a ranar.

"Rijiyar nan," ta ce. "Idan na fita wanka sai in tsaya ina kallon cikinta. Ina cewa da babu ni, Iya za ta raine shi fiye da ni. Sai in yi istigfari. Gobe kuma ya dawo."

Kubura ba ta bari tsoro ya nuna a fuskarta ba, ba ta kuma yi salati da ƙarfi ba.

"Na gode da kika faɗa mini. Ki saurare ni da kyau. Wannan ciwo ne, yana da suna, ciwon damuwa na bayan haihuwa. Yana kama mata da yawa, masu ibada da masu son 'ya'yansu. Ba rashin imani ba ne, ba mugunta ba ce, ba kuma hauka ba ne. Yana da magani, ana warkewa. Amma ba zan iya barin ki da shi ke kaɗai ba. Ki yarje mini in gaya wa Iya."

Rauda ta girgiza kai da sauri.

"Iya? Ni ce 'yarta ta fari, Malama. Tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba. Sai dai yarinyar nan, ko waccan. Ba mu taɓa zama mun yi hira ba. Ta ina za ki fara?"

"Bar ni da ta ina. Ke dai ki ce to."

Da ƙyar Rauda ta ce to ɗin.

Kubura ta fito ta tsuguna kusa da murhu. Ta fara a hankali, amma Iya Talatu ba ta bari ta yi nisa ba. Tsohuwar ta ajiye itacen da take gyara wuta da shi, fuskarta ta haɗe.

"Malama, ina ganin girmanki. Kada ki ɗora wa 'yata abin da ba ta da shi. A danginmu babu mai taɓin hankali. Kunya ce, gadonta ta yi. Ni ma haka na yi da ita, uwata ma haka ta yi da yayana. In ma wani abu ne ya shafe ta, akwai malamin da zai yi mata rubutu."

A da, nan take Kubura za ta hau. Tana da amsa a shirye, mai zafi, kan jahilci da camfi. Ta haɗiye ta, har sai da ta ji ɗacinta.

"Iya, addu'a kam a ci gaba, ba mai hana ta. Kunya kuma ban zo rushe ta ba, ni ma na yi wa nawa. Abu ɗaya zan tambaye ki. Lokacin da kike yi wa Rauda kunya tana jaririya, idan ta yi kuka a hannun wani, ina idonki yake?"

Iya ta tura itace cikin wuta, ta fito da shi.

"Kai, Malama, ke dai ba ki da ta-ido," ta ce, muryarta ta sauko. "Ai uwa uwa ce. Sai in yi kamar ina tsintar wake, alhali idona na kanta. In babu kowa a gidan kuwa, har rawa nake yi mata."

"To don Allah tashi ki leƙa. Ga shi can ya fara kuka. Ba kowa a ɗakin sai ita. Ki ga ko za ta dube shi."

Iya ta miƙe da ƙyar, ta je bakin ƙofa, ta ɗaga gefen labule kaɗan. Jafaru na ta tsala kuka. Kubura na tsugune tana kallon bayan tsohuwar. Ta ga kafaɗunta sun sauka. Iya ta juyo, idonta ya kaɗa.

"Ba ta dube shi ba."

Sai Kubura ta gaya mata sauran, har maganar rijiya. Iya ta dafe ƙirji, ta dubi rijiyar da take ɗebo ruwan wanka a ciki safe da yamma. Ta yaye labulen gaba ɗaya ta shiga, Kubura na biye da ita.

Tsohuwar ta tsaya a tsakiyar ɗaki, bakinta na motsi kamar mai koyon magana.

"Rauda," ta ce.

Rauda ta zabura. Ta dubi ƙofa, ta dubi Kubura, don ba ta yarda daga bakin uwarta sunan ya fito ba.

"Rauda, 'yata. Ni ce na kira ki. Ina nan."

Kukan da Rauda ta fashe da shi har maƙwabta sai da suka ji. Ta faɗa jikin uwarta, Iya ta rungume ta tana shafa bayanta, tana ta maimaita sunan kamar tana biyan na shekarun da suka wuce. Kubura ta ɗauki Jafaru ta fita da shi tsakar gida tana jijjiga shi. Ita da ba ta rasa abin faɗa, ranar ko kalma ɗaya ba ta samu ba, sai hanci take ja.

Kafin magariba an aika an kira Mainasara, mijin Rauda, mai sayar da awaki a kasuwar Mai'adua. Ya iso a kan babur, ya tsaya a zaure, don suruki ba ya kutsa kai gidan surukai. Can Kubura ta same shi. Mutumin kirki ne, sai dai tun da matarsa ta tafi wanka abin da ya sani shi ne aiko da itace da ƙafafun saniya, yana jin an ce tana da kunya yana jin daɗi.

"Malama, ni na ɗauka lafiya lau take. In na kira waya ba ta ɗauka, na ce ko kunyar Iya take ji."

"Kowa haka ya ɗauka, har ni. Yanzu ga aikinka. Yau ɗin nan a rufe rijiyar can da murfi da kwaɗo. Gobe da safe mu tafi Daura wajen likita. Kuma ka riƙa zuwa kana zama da ita, ko a zauren nan ne. Kada ka ce mata ta yi haƙuri ta daure, ta daure har ta gaji. Ka tambaye ta, ka saurara."

"In ce me?"

"Kada ka ce komai. Da wuya, na sani. Ni ma yau na fara."

Washegari suka ɗauki mota zuwa Daura su huɗu da jariri. Likita ya zauna da Rauda ya saurare ta, ya rubuta maganin da mai shayarwa za ta iya sha, ya ce a dawo da ita ya sake gani. Ya kuma ce kada a bar ta ita kaɗai a kwanakin nan. Iya ta ce ai ko bai faɗa ba, ta riga ta kwashe shimfiɗarta ta mayar ɗakin.

Sauƙi bai zo a guje ba. Akwai ranar da Rauda ta ci tuwo ta yi wanka da kanta, kowa ya yi murna, washegari kuma ta wuni fuska a bango. Akwai ranar da ta ce maganin ba ya komai, za ta daina. Kubura na zuwa bayan an tashi aiki, ta zauna a tabarmar nan, ta yi tambayarta ɗaya ta jira. Ta nuna wa Iya yadda za ta zauna kusa da 'yarta lokacin shayarwa, ta tallafa mata yaron, ba tare da gori ko gaggawa ba. Da wata maƙwabciya ta tare ta a hanya tana son jin me ke kai ta gidan Talatu kullum, Kubura ta ce kunun kanwarsu ne ya yi mata daɗi. Matar ta tafi da haushi, kuma wannan ne karo na farko da aka nemi labari a bakin Kubura aka rasa.

Arba'in ta wuce, Mainasara ya ce matarsa ta ƙara zama wajen Iya har ta ji ƙarfi. Ya ɗauko keken ɗinkinta a bayan babur ya kawo mata. Keken ya yi kwanaki a rufe. Wata yamma Kubura na shigowa zaure ta jiyo ƙararsa daga ciki, ta tsaya cak ta saurara kafin ta yi sallama.

A asibiti ma mata sun lura da wani abu. Malama ta rage faɗa. Mace za ta ce kanta ke ciwo, sai Malama ta ajiye leda ta ce, "Sai kuma me?" ta zuba mata ido. Wasu har tsarguwa suke yi. Wata tsohuwa ta tambaye ta ko azumi take.

An fara yankan gero aka sake ranar awo. Benci ya cika. Iya Talatu ta shigo da Jafaru a kafaɗa, tana ce masa maigidana, tana ƙorafin ya yi mata nauyi zai karya mata baya. Ya sha sabuwar riga shuɗiya mai aiki a wuya, ɗinkin da kowa a wurin ya san hannun mai shi. Rauda na biye, ta ja mayafi har goshi, ta zauna a ƙarshen benci ta kawar da kai, kamar ba ta san daga inda aka samo yaron ba.

Kubura ta ɗora shi a sikeli. Allurar sikelin ta wuce inda take fata, ta ƙara gaba. Cinyoyinsa sun yi dam, har sai da ta nemi wurin kamawa.

"Masha Allah! Iya, me kuke ba shi, ƙosai?"

Mata suka yi dariya. Matar nan da ta yi yabo a wancan karon ta dubi Rauda ta ce, "Kun gani ko, har yanzu kunyarta na nan. Ko kallonsa ba ta yi."

Kubura ta ɗauko allurar riga-kafi ta goge cinyar yaron, amma rabin idonta na ƙarshen benci. Ta soka. Jafaru ya ɓarke da kuka mai ƙarfi, wanda ya cika ɗakin har ya fita waje.

Kafaɗar Rauda ta motsa. Hannunta ya damƙe bakin benci. Gefen mayafin ya ɗan ɗaga, ido ɗaya ya leƙo, ya sauka kan yaron, ya bi shi daga cinya har fuska. Sai ta ga Kubura na kallonta, ta yi wuf ta juya bango, tana danne murmushi.

"Na kama ki!" Kubura ta daka ihu, har na bakin masallaci suka jiyo. "Wallahi na kama ki, ɓarauniya!"

Mata suka dubi juna, ba su gane me aka sata ba. Iya Talatu kaɗai ta gane, ta sa gefen zani tana goge ido.

Daga cikin mayafin, fuska a bango, muryar Rauda ta fito sarai.

"Malama, ki yi masa a hankali mana. Kuma har yanzu ba ki canja telan nan naki ba."